Gidan Haya da Gidan Kai: Fashin Baƙi kan Buɗaɗɗiyar Manhaja a Ƙasashe Masu Tasowa

A farkon watan Oktoban 2019, kamfanin Adobe na Amurka, mai Photoshop da sauran manhajojin zane da haɗa bidiyo, ya sanar da abokan cinikinsa na ƙasar Venezuela cewa kafin wata ya ƙare zai rufe asusunsu baki ɗaya. Ba bashi ake bin su ba, ba kuma wata ƙa'ida suka karya ba. Gwamnatin Amurka ce ta ƙaƙaba wa gwamnatin ƙasarsu takunkumi, kamfanin kuma ya ga babu makawa sai ya bi doka. Daga baya an ba shi izini na musamman ya janye matakin, amma makonnin da aka shafe cikin zulumi sun isa su nuna wa mai zane da ɗan jarida da malamin jami'a cewa makullin kayan aikin da suke neman abinci da shi yana aljihun wani. A wannan shekarar dai aka hana kamfanin Huawei na China sanya manhajojin Google irin su Gmail da Play Store a sababbin wayoyinsa, sai dai babu wanda ya iya hana shi amfani da ginshiƙin Android, domin an riga an saki wannan ginshiƙi a fili da lasisin da ba a janyewa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san mene ne ake buɗewa. Kowace manhaja, tun daga mai lissafin albashi har zuwa mai nuna hanya a waya, rubutu ce tun asalinta: mutum ne yake zama ya tsara umarni layi bayan layi a wani harshe na musamman, yana gaya wa kwamfuta abin da za ta yi idan kaza ya faru, da abin da za ta yi idan bai faru ba. Wannan shi ne rubutun tushe, kuma duk wanda ya iya harshen zai karanta shi ya gane inda aka yi daidai da inda aka yi kwaɓa. Daga nan ake juya shi zuwa jerin lambobin da na'ura kaɗai take ganewa, kuma wannan juyayyen ne kamfanoni suke miƙa wa jama'a, su kulle na asalin a wurinsu. A gaskiya ma ba sayarwa suke yi ba. Wanda ya daure ya karanta doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya duba ba, zai tarar izinin amfani kawai aka ba shi, bisa sharuɗɗan da mai kaya zai iya sauyawa. Zaman haya ke nan: ɗan haya yana kwana a ɗaki, amma ba shi da ikon fasa taga, idan rufi ya fara yoyo sai ya jira mai gida, ranar da aka ƙara kuɗi ko aka ba shi wa'adin tashi kuwa ba shi da ta cewa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka saki rubutun tushenta tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya yi aiki da ita a kan kowace buƙata, ya karanta cikinta, ya gyara ta yadda ta dace da shi, ya kuma raba ta ga wasu, da gyaran ko babu. Richard Stallman ne ya fara kafa wannan ra'ayi a matsayin aƙida lokacin da ya ƙaddamar da shirin GNU, na gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta mai 'yanci, a 1983, sannan ya fito da lasisin GPL a 1989, wanda ke da sharaɗi mai hikima: duk wanda ya ɗauki manhajar ya gyara ya raba, dole ya raba ta da irin 'yancin da ya same ta da shi, ba zai mayar da ita cikin akwati ya kulle ba. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya saki Linux, wadda ta zama zuciyar da tsarin na GNU yake jira. Akwai wasu lasisin masu sassauci, irin su MIT da Apache, da ba su gindaya wancan sharaɗi ba. A Turanci kalma ɗaya ce, wato free, take ɗauke da ma'anar 'yanci da ta kyauta, abin da ya jawo ruɗanin da aka yi shekaru ana warwarewa, har wasu suka ƙirƙiro sabon suna, wato open source, a 1998. Hausa ta hutar da mu wannan wahala: 'yanci daban, kyauta daban, kuma kusan duk kuskuren da gwamnatoci ke yi a wannan fage daga cuɗa su biyun yake tasowa.

Kada a ɗauka wannan kayan marasa hali ne. Tun daga Nuwamban 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da Linux suke aiki, kuma kowace wayar Android tana ɗauke da ita a ciki. Shugaban Microsoft na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji a 2001, amma a 2018 kamfanin nasa ya sayi GitHub, babbar matattarar masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5.

Maganar kuɗi ita ce ta farko da ake kawowa, kuma tana da nauyi a ƙasa mai tasowa fiye da yadda take da shi a ƙasa mai arziki, saboda dalilin da ba a cika faɗa ba. Lasisin manhaja da kuɗin waje ake ƙayyade farashinsa, kuma kamfanoni da yawa sun bar tsarin saye sau ɗaya sun koma na biyan kuɗi duk wata ko duk shekara a kan kowane mai amfani. A ɗauka ma'aikata tana da ma'aikata dubu biyar. Harajin da take dogaro da shi da kuɗin gida ake tara shi, amma takardar biyan da ke zuwa mata da dala aka rubuta ta, don haka ranar da darajar kuɗin ƙasar ta faɗi da rabi, kuɗin lasisi ya ninka ke nan ba tare da an ƙara ko da kwamfuta ɗaya ba. Idan aka buɗe sabon ofishi a wani lardi, kowace kujera da nata kuɗin. Da LibreOffice a madadin manhajar ofis, ko PostgreSQL a madadin rumbun bayanai na kasuwanci, ko Moodle domin koyarwa ta intanet, kwafi na farko da na dubu goma duk ɗaya ne wajen lasisi, wato babu ko sisi.

Inda kasafi ya gaza, abin da aka saba gani shi ne a cika kwamfutocin ofis da kwafin sata, wanda mai gyara ya ɗora daga wani faifai da babu wanda ya san asalinsa. Irin wannan kwafi sau da yawa ana kashe masa hanyar sabuntawa don kada a gano shi, sai ya zauna shekaru da ɓarakar da kowane mai kutse ya sani. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya yi garkuwa da bayanai a ƙasashe kusan 150 yana neman kuɗin fansa, ta wata ɓaraka ya shiga wadda Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora facin ba su ne suka sha wuya. Ga kuma batun tsufan na'ura. A ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin kulawar da Microsoft ke yi wa Windows 10 ya cika, ita kuma Windows 11 tana buƙatar wasu sassa da ɗimbin tsofaffin kwamfutoci ba su da su, duk da lafiyarsu lau. A ƙasashen da makarantu da asibitoci suka dogara da kwamfutocin gwanjo, hukuncin da aka yanke a wani ofishi mai nisa yana iya mayar da ɗaki guda na na'urori bola, alhali akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da za su ci gaba da tafiyar da su cikin aminci. Jihar Kerala ta Indiya, ta hannun shirinta na IT@School da ya fara a 2001, ta mayar da makarantun gwamnati kan buɗaɗɗiyar manhaja, kuma abin da ya riƙe shirin shi ne malaman da aka horar su ma suka horar da 'yan'uwansu.

Sai dai wanda ya ce kuɗin ɓacewa suke yi gaba ɗaya, bai faɗi gaskiya ba. Wuri suke sauyawa. Dole wani ya girka manhajar, ya daidaita ta, ya horar da ma'aikata, ya kula da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da bayananta, ya amsa waya idan abu ya tsaya da tsakar dare. Kamfanin Red Hat da irin wannan hidima ya gina kasuwarsa har IBM ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34. Tambayar da ya kamata mai tsara kasafi ya yi ita ce ina kuɗin za su sauka. Kuɗin lasisi suna fita ƙasa ba su dawowa. Kuɗin hidima kuwa ana iya biyan su da kuɗin gida ga kamfanin gida, su zama albashin injiniya, ya biya haraji, ya koyar da yaransa a wurin aiki. Kuma tun da rubutun tushe a fili yake, idan kamfanin farko ya yi wasa da aiki ko ya tsuga farashi, ana iya ba wa na biyu kwangilar ya ci gaba daga inda aka tsaya. A rufaffiyar manhaja wannan ƙofa a toshe take: mai kaya shi kaɗai ne mai gyara, ya kuma san haka, shi ya sa farashin shekarar farko yake da daɗi, na shekara ta biyar kuma yake sa hawan jini. Ɗaurin talala ke nan, ana yawo amma igiya na hannun wani.

Amfanin da a ganina ya fi kowanne girma shi ne ikon gyarawa, kuma babu inda ya fito fili kamar harkar lafiya. Manhajar da aka ƙera a ƙasa mai arziki tana zuwa da zato iri-iri a cikinta: tana zaton lantarki ba ya yankewa, intanet ba ta tsinkewa, kowane majiyyaci yana da lambar shaida da adireshin titi da ranar haihuwa tabbatacciya. A yi tunanin ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin karkara ranar ƙarshen wata, da rajista uku a gabanta, ta awon ciki da ta allurar rigakafi da ta zazzaɓin cizon sauro, tana ƙirga layuka da tsinin biro tana cike fom ɗin da zai bi mota zuwa hedikwatar gunduma. Kafin alƙaluman su isa babban birni a tattara su, watanni sun wuce, maganin da ya ƙare ya daɗe da ƙarewa. Idan aka kawo mata manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ko wadda ba ta karɓar suna sai an cike gurbin ranar haihuwa, to an ƙara mata aiki ne, domin za ta cike takarda sannan ta zo ta yi kokawa da na'ura.

Manhajar DHIS2 daga irin wannan matsala ta tsiro. Asalinta wani shiri ne da aka fara a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake ƙoƙarin haɗe tsarin lafiyar da aka rarraba bisa launi, tare da haɗin gwiwar masana na ƙasar da Jami'ar Oslo ta Norway. Sabon nau'inta mai aiki ta intanet an fara amfani da shi a Kerala a 2006, kuma yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna tattara alƙalumansu da ita. Abin da ya sa ta bazu shi ne kowace ƙasa tana tsara fom ɗinta da matakan mulkinta da ma'auninta da kanta, tana ajiye bayanan a sabar da ta zaɓa, kuma manhajar wayarta tana karɓar bayanai ko babu intanet, ta tura su idan an samu layi. Ma'aikatar da ta ga dacewar ƙara gurbi ɗaya a fom, misali na yawan yaran da suka fara rigakafi ba su kammala ba, jami'inta ne zai zauna ya ƙara, ba sai an rubuta wa wani kamfani takarda an jira ƙiyasin farashi ba.

A farkon 2020 aka ga ranar wannan iko. Tun cutar korona ba ta game duniya ba, ƙwararrun DHIS2 na ƙasar Sri Lanka suka gina tsarin bibiyar matafiya da waɗanda ake zargin sun kamu a cikin 'yan kwanaki, a kan manhajar da ma'aikatarsu ta riga ta sani. Aka ɗauki aikin nasu aka gyara shi ya zama kunshin da kowa zai iya saukewa, ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka ɗora shi a nasu tsarin. Babu kwangilar da aka sa wa hannu tsakanin Sri Lanka da waɗannan ƙasashe, babu kuma kuɗin da aka biya ta. Da a ce kowace ƙasa sai ta nemi kamfani ta yi ciniki a daidai lokacin da aka rufe iyakoki, da an fafe gora ranar tafiya. Dalilin da ya sa suka iya kuwa shi ne shekarun da aka yi ana horar da mutanen ƙasar a kan manhajar tun kafin buƙatar gaggawa ta zo, kuma wannan ne ɓangaren labarin da masu yabon manhajar suke yawan tsallakewa.

Wani abin lura shi ne fasaha a wannan fage ba daga arewacin duniya zuwa kudu kawai take gangarowa ba. Ushahidi, wadda sunanta ke nufin shaida a harshen Swahili, wasu 'yan Kenya da suka haɗa da Ory Okolloh da Juliana Rotich ne suka haɗa ta a farkon 2008 domin tattara rahotannin rikicin bayan zaɓe a kan taswira, kuma shekaru biyu bayan nan aka yi aiki da ita wajen agajin girgizar ƙasar Haiti. OpenMRS ta taso ne a 2004 daga buƙatar adana bayanan masu ɗauke da cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya. SORMAS, manhajar bibiyar ɓarkewar cututtuka, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014 ta haɗin gwiwar hukumomin lafiya na Najeriya da cibiyar bincike ta Helmholtz da ke Jamus, daga baya ofisoshin lafiya na Jamus ɗin kanta suka ɗauke ta lokacin korona.

Harshe ma yana cikin abin da ake gyarawa. Kamfani yana fassara manhajarsa ne zuwa harshen da ya lissafa zai mayar masa da kuɗinsa, kuma harshe mai masu magana miliyoyi yana iya faɗuwa wannan jarrabawa idan masu shi ba su da ƙarfin saye. A buɗaɗɗiyar manhaja ba a neman izinin kowa. Da haka 'yan sa-kai suka samar da manhajar shiga intanet ta Firefox da Fulatanci da harshen Songhai, wata ƙungiya a Afirka ta Kudu kuma ta fassara manhajar ofis ta OpenOffice zuwa harsunan hukuma goma sha ɗaya na ƙasar a lokacin.

Ta fuskar ilimi, bambancin kamar na wanda aka koya wa danna maɓalli ne da wanda aka zaunar a gaban gwani yana kallon hannunsa. Ɗalibin da jami'arsa ba ta da littattafan zamani yana iya buɗe rubutun manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita, ya ga yadda ƙwararru suka warware matsala, ya karanta gardamar da suka yi kafin su yanke shawara. Idan ya gano kuskure ya tura gyara, wani injiniya a wata nahiya zai duba layi-layi, ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka sake. Gyaran da aka karɓa yana nan da sunansa a fili har abada, kuma ga matashin da takardar shaidar makarantarsa ba ta da wani kwarjini a kasuwar duniya, wannan hujja ce da mai ɗaukar aiki zai iya dubawa da idonsa. Tabbas wannan ƙofa ita ce kuma take fitar da ƙwararru daga ƙasa idan albashin gida bai taka kara ya karya ba, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da maganin wannan.

Hujja mafi ƙarfi game da gwamnati kuwa, wani ɗan majalisar ƙasar Peru ne, Edgar Villanueva, ya shimfiɗa ta a 2002, a wata wasiƙa da ya mayar wa wakilin Microsoft a ƙasarsa da ya soki ƙudurin dokar da ya gabatar. Bai jingina da araha ba. Ya kafa hujja ne da cewa bayanan da ke hannun hukuma amanar jama'a ce, don haka wajibi ne ɗan ƙasa ya iya samun su ba tare da an tilasta masa sayen kayan wani kamfani ba, wajibi ne su dawwama ko da mai manhajar ya rushe, kuma wajibi ne hukuma ta iya tabbatar da cewa babu wata ɓoyayyiyar ƙofa a tsarin da take aiki da shi. Rajistar filaye da ta haihuwa da hukunce-hukuncen kotu sukan yi shekaru ɗari ana komawa gare su, kamfanin manhaja kuwa ba kasafai yake kai rabin haka ba. Shi ya sa tsarin adana takardu na ODF, da hukumar ma'auni ta duniya ta amince da shi a 2006, yake da muhimmanci ko ga wanda bai taɓa ganin Linux ba. Wannan tunani ne kuma ya haifar da MOSIP, tsarin katin shaidar ɗan ƙasa da aka fara ginawa a wata cibiyar fasaha da ke Bangalore a 2018, wanda ƙasashe irin su Maroko da Filifin da Habasha suka ɗauka domin kada hoton yatsun al'ummarsu ya maƙale a tsarin da kamfani ɗaya kaɗai ya iya buɗewa.

A batun tsaro ana yawan wuce gona da iri ta kowane ɓangare. Buɗe rubutu yana ba da damar dubawa, amma ba ya tabbatar da cewa wani ya duba. Ɓarakar Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014 ta yi kusan shekaru biyu a fili, a manhajar da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet, alhali mutane ƙalilan ne ke kula da ita da ɗan tallafin da bai kai ya kawo ba. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa ta nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Maimakon ya kau da kai, sai ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar baya a wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowane nau'in Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekaru biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, ɗan sa-kai guda da aiki ya yi wa yawa, har ya samu amincewarsa. Labarin yana yankan gaba da baya: raunin ya samo asali ne daga barin kaya mai nauyi a kan mutum ɗaya, gano shi kuma ya yiwu ne saboda wanda ya yi zargi yana da ikon buɗewa ya duba, aka kuma toshe kafin abin ya kai ga yawancin masu amfani.

Sauya sheƙa ma ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ko masu kuɗi sun yi tuntuɓe a kai. Birnin Munich na Jamus ya yi kusan shekaru goma yana mayar da kwamfutoci kimanin 15,000 kan Linux, aka kammala a 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, cikin ƙorafin rashin jituwar takardu da na sauran hukumomi da kuma sauyin shugabanci. Afirka ta Kudu ta amince da manufar fifita buɗaɗɗiyar manhaja a 2007, Indiya ma ta fitar da tata a 2015, amma manufa a takarda ba ta sauya abin da sakatare ya saba da shi shekara ashirin. Ma'aikacin da ya buɗe takardar da aka aiko masa ya tarar jadawalinta ya wargaje, ba zai tsaya sauraron lacca kan 'yancin fasaha ba, zai nemi a mayar masa da abin da ya sani. Shi ya sa waɗanda suka yi nasara, kamar rundunar jandarmomin Faransa, a hankali suka bi: suka fara da sauya manhajar ofis da ta shiga intanet a kan Windows ɗin da mutane suka saba da ita, sai da hannu ya faɗa sannan suka sauya tsarin gaba ɗaya zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da ƙasashe masu dogaro da tallafi. Ƙungiyar agaji takan zo da shiri na shekara uku, ta ɗauko ƙwararru daga waje su girka buɗaɗɗiyar manhaja, su yi mata gyare-gyaren da ba su mayar wa uwar manhajar ba, ba su kuma rubuta bayanin abin da suka yi ba. Ranar da tallafi ya ƙare sai su tattara su tafi, a bar ma'aikata da tsarin da ba ya karɓar sabuntawa saboda ya yi nisa da asalinsa, kalmar sirrin sabar ma tana hannun wanda ya bar ƙasar. Lasisin a buɗe yake, amma zanen aro ne, kuma ba ya rufe katara. Ƙawancen da asusun UNICEF da gwamnatocin Norway da Saliyo da wata cibiyar Indiya suka kafa a 2019 domin tantance manhajojin da za a ɗauka a matsayin dukiyar al'umma, ya sanya cikakken bayanin aiki da ikon fitar da bayanai cikin sharuɗɗansa, wanda hakan ya rage matsalar daga ɓangaren masu ƙerawa. Daga ɓangaren masu karɓa kuwa, babu wata ƙungiyar waje da za ta sanya albashin injiniyoyi a kasafin ma'aikatar wata ƙasa.

Saboda haka ne nake ganin wurin da ake cin wannan riba ko a yi asararta shi ne teburin jami'in kwangila, wanda sau da yawa bai taɓa ganin rubutun tushe ba. Ba lallai ne doka ta haramta rufaffiyar manhaja ba, domin akwai ayyukan da har yanzu ita ce ta fi dacewa da su. Abin da ake buƙata layuka ne kaɗan a takardar yarjejeniya: duk manhajar da aka rubuta da kuɗin jama'a a miƙa rubutun tushenta ga hukuma tare da bayaninsa, bayanai su kasance a tsarin da kowace manhaja za ta iya karantawa, gyaran da zai amfani wasu a mayar da shi ga uwar manhajar, a kuma lissafa farashi bisa shekaru biyar ko goma har da kuɗin fita idan an so rabuwa. Brazil ta buɗe wani dandali a 2007 inda hukumominta ke ajiye manhajojin da suka gina domin wata hukuma ta ɗauka maimakon ta sake biya, Estoniya kuma ta saki rubutun X-Road, tsarin da ke haɗa rumbunan bayanan gwamnatinta, a 2016, kuma yanzu ita da Finland da Iceland ne suke ɗaukar nauyin kula da shi tare.